Garin Mai Tuta

Litinin, 4 ga Mayu 1953, bayan la'asar

Comfort ta ba ni ragowar littafin da take rubuta awon masu ɗinki. Ta ce tunda bakina ba ya hutawa, in riƙa zuba surutun a nan ko mutanen gida sa sha iska. 'Yar da na haifa ke nan. To ga ni, Alfred mai fenti, wanda ya yi aji uku a makarantar mishan aka sallame shi don ya kwaikwayi tafiyar malam alhali malam na tsaye a bayansa. Rabin allunan shagunan Fagge da Sabon Gari hannuna ne, masu kyan da karkatattun.

Jiya bayan an taso daga coci muka yi baƙi. Augustine bakanike, wanda tun bara yake kawo wando guda gyara har wandon ya gaji, da baffansa Celestine mai shagon kayan keke, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa. An gaisa, an yi addu'a, an fasa goro. Sai Celestine ya gyara zama ya ce:

"Malam Alfred, a wurinmu Ibo ba a ɗaukar mace sai an tambayi gidansu. Matarka 'yar Zariya ce, mun aika, an ce lafiya. Uwarka ma an san ƙauyensu. Saura ubanka. Mutumin ina ne?"

Na ce, "Mutumin kirki ne."

Bai yi dariya ba. Shekaru ina rubuta wa mutumin nan allo ban taɓa ganin haƙoransa ba, har na fara zaton a gida ya baro su. Ya ce abin da ake tambaya shi ne hauka, da kuturta, da sata, da wani abu kuma. Wani abun bai faɗe shi ba, ya dai dubi tabarma. Ya ce in ba shi sunan gari, gari mai tsofaffi da za a aika mutum ya tambaya, sai Fada ya fara kiran aure a coci. In babu gari babu kira.

Na ce wannan ai aikin kwana biyu ne. Na raka su har bakin titi ina ta zuba. Da na dawo na zauna a zaure sai na tuna ban sani ba. Mai Tuta ake ce masa, don shi ke ɗaga tuta a mararrabar jirgi. Ya rasu ina famfara. Abin da na riƙe nasa dariya ce da warin kwal.

Talata, da hantsi

Na tambayi Kaka. Uwata ce, amma tun haihuwar Comfort kowa Kaka yake ce mata, har ni. Na same ta tana tsince wake.

"Kaka, babana ɗan wane gari ne?"

"Wancan mutumin?" Har yau ba ta kama sunansa.

"Shi."

"Ina tuyar ƙosai a sansanin masu shimfiɗa layin dogo, ya zo ya ci, ya ce ba gishiri. Washegari ya dawo ya ce gishiri ya yi yawa. Da ya yi ta dawowa sai aka ɗaura."

"Ba wanda ya tambayi garinsu?"

"Gwaggota ce ke riƙe da ni. An rage mata baki ɗaya, tambayar me za ta yi?"

"To da wane yare yake zagi in ya yi tuntuɓe?"

"Ba ya zagi. Dariya yake."

Biriskila, matata, ta leƙo daga madafa ta ce, "Ashe gado ne."

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Na je coci. Fada ya fita ƙauye, katikis, mataimakinsa, ne ya ciro min babban littafin baftisma. Mun yi ta juya shafi har muka sami babana. A kan gadon ajali aka yi masa, rana ɗaya da ni da Kaka. Suna: Yusufu. Sana'a: mai tuta. Sunan uba: an ja layi. Gari: Reluwe.

Na ce wa katikis to alhamdu lillahi, sai in tura Celestine ya je ya gai da dagacin Reluwe, in ya same shi ba ya cikin shan ruwa a tasha. Ya yi dariya ya ce ba ni kaɗai ba ne, na shekarun nan da yawa haka aka rubuta su, waɗanda dogo ya kwaso ya zube a Kano.

Ban taɓa ganin sunansa a rubuce ba. Rubutun Fadan wancan zamani ya fi nawa muni, wannan ya yi min daɗi. Na daɗe ina kallo har katikis ya fara tarin ƙarya.

Litinin, 11 ga wata, bayan la'asar

Bara da aka yi ƙidaya an tambaye ni ƙabila, na ce Bahaushe, malamin ya dubi gajeren wandona ya daɗe kafin ya rubuta. Shi ne na ce tunda suna tambayar ƙabila, ƙila a tsohuwar ƙidaya, ta kafin rasuwar babana, sun tambaye shi. Na sa rigar coci na tafi ofis.

Akawu ya bar ni a benci har ƙafata ta yi barci. Daga baya aka sauko da wani ƙunshi wanda gara ta riga ni karantawa. Babu suna ko ɗaya a ciki. Sanda-sanda ne kawai, huɗu a tsaye ɗaya a gicce, an jera su ƙarƙashin Hausawa, Fulani, Nupawa, Yarabawa, da wani gida a ƙarshe mai suna Sauransu.

Akawu ya ce, "Malam, ƙidaya ba ta san suna ba. Zaɓi sanda ɗaya ka ce ita ce ubanka."

Na zaɓi wata karkatacciya, na gaishe ta, na ce ranka ya daɗe an gaji da nemanka. Masinja ya yi dariya, akawu bai yi ba.

A gida Comfort ta dubi fuskata ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Baba, cire rigar kafin ka zauna a kan fenti."

Laraba, 13 ga wata, da azahar

An samu.

Ina fitowa da bokiti, Falmata mai turaren wuta, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu tun kafin a haife ni, ta ce, "Ɗan bawana, ina za ka da ranar nan kamar wanda saniyarsa ta ɓace?"

Kullum haka take ce min, ban taɓa sa hankali ba. Yau sai na tsaya cak. Falmata Babarbariya ce. Babarbare kuwa ba ya yi wa kowa wannan wasa sai Bafulatani. Haka abin yake: Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Kowa da wanda aka halatta masa ya zaga, ya ce bawansa ne, a yi dariya a wuce. In ka san mai zagin mutum ai ka san asalinsa. Ni da aji uku na gano abin da ofis da coci suka kasa.

Na ce, "Iya, da babana ma haka kuke?"

"Kullum safiya. In ce bawana, ya ce ke baiwar gidanmu, wa ya kwance ki? Duk cika-ciki sai na riƙe masa riga ya ba ni kuɗin shara."

"To Bafulatani ne ke nan?"

"Wa zai tsaya in yi masa wannan tijara in ba Bafulatani ba?"

Na koma ciki na ɗauki madubi ina neman hancin. Ban gan shi ba, amma ƙila ta gefe yake. Biriskila ta ce ba ta taɓa ganin Bafulatanin da akuya ke kora ba.

Saura gari. Jibi zan kawo Celestine ya ji da kunnensa, a zauna a tuno garin tare.

Juma'a, 15 ga wata, bayan la'asar

Na kawo shi. Ban gaya wa Falmata abin da ake nema ba, shi ma ban gaya masa yadda wasan yake ba. Ni a tunanina duk wanda ya sha ruwan Kano ya san wannan.

An ɗauki azumi, mata sun taru a ƙofarta suna gyaran kayan buɗa-baki. Na ce, "Iya, ga surukina na gobe. Faɗa masa wane ne Mai Tuta."

Tsohuwa ta ga ta samu 'yan kallo, ta gyara ɗankwali. "Mai Tuta? Bawana ne. Ubansa bawan ubana. Da ƙwaryar gero aka sayo kakansa, har yau muna kukan an cuce mu."

Mata suka kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa.

Celestine ya ce a hankali, "Bawa?"

"Har wannan mai warin fentin, har yarinyar da kuke nema. Ni za ku gani, ba shi ba."

Ya ɗauki hularsa ya ce, "Na gode, Mama." Na bi shi har bakin titi ina cewa wasa ne, wasa ne.

Ya ce, "Tsohuwa, da azumi a bakinta, a gaban jama'a, kai kuma kana dariya. A wurinmu wanda ya faɗi haka a kan uban mutum, sai an zauna gaban dattawa."

Yanzu na san abu na huɗu da ya ƙi faɗa rannan.

Gobe zan je shagon in warware masa. Gari na ta maganar wani taron siyasa da za a yi goben a Sabon Gari. Ba ruwana, ni ko allon taron ba a ba ni ba.

Asabar, 16 ga wata, da magariba

Ban isa shagon ba, rikici ya ɓarke. Na dawo da takalmi ƙafa ɗaya.

Lahadi, da safe

Ƙararrawar coci ba ta kaɗa ba. Mun yi addu'a a ɗaki, ba waƙa.

Lahadi, da la'asar

Hayaƙi ta wajen Sabon Gari. Comfort na kan keken ɗinki. Ba wanda ya kawo ɗinki. Ta ɗinke ta farke, ta ɗinke ta farke.

Litinin, 18 ga wata, bayan azahar

Tun da safe Falmata ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin zaurenmu, ta ce inuwarmu ta fi tata. Ba ta fi ba.

Da hantsi masu ƙone-ƙonen suka zo. Ba 'yan unguwa ba ne, sai ɗaya ko biyu da na gane murya. Ni jarumin gida ina bayan randa, daga nan na ji komai. Wani ya ce an ce masu zuwa coci ne a nan.

Ta ce, "Gidan bawana ne. Ni na gaje shi, da shi da matarsa da kajinsa. Wanda zai taɓa min dukiya ya fara tsallake ni. Kai, mai jan rawanin nan, ba Bafulatani ba ne kai? Ubanka ya san ka fito ba izinina?"

Wani ya yi dariya. Da aka yi dariyar sai abin ya saki, suka yi gaba. Ban san gidan wa suka nufa ba. Na sani, amma ba zan rubuta ba.

Can ta shigo. Na buɗe baki in yi godiya, ta ce, "Rufe min baki. Kai ka ja min na yi wa baƙo wasa rannan. Me ya sa ba ka ce mai bincike ba ne?"

Talata, da magariba

Soja. An ja waya tsakaninmu da Sabon Gari. An hana fita.

Alhamis, 21 ga wata, da hantsi

Na ga sababbin tayoyin keke a unguwa, a gidajen da babu keke. Na gaisa da masu gidan, sun amsa. An yi maganar zafi da rashin ruwa.

Keken ɗinki bai tsaya ba.

Asabar, 23 ga wata, da la'asar

Na tsallaka Sabon Gari. Bokitin fenti ne takardata. A Fagge hula a kai, ina wuce wayar na cire ta na tura a bokiti. Ɗan sanda ya ce ni ɗan wane ɓangare ne, na ce ranka ya daɗe abin da nake ta bincike ke nan tun farkon wata.

Allon Celestine ni na rubuta shi, shuɗi da fari, har da hoton keke wanda wasu suka ce ya fi kama da tabarau. Babu allon. Babu inda za a rataye shi.

Na sami Augustine a farfajiyar coci cikin masu kwana a can, hannunsa a naɗe da tsumma. Kafin in gaishe shi ya ce, "Tana lafiya?" Na ce tana lafiya, keken ɗinki ne ba shi da lafiya.

Celestine na zaune a jikin bango an aske masa kai tas, askin makoki irin nasu. Matarsa ma. Ɗansu babba ba ya wurin. Ban tambaya ba. Na durƙusa na ce sannu, ya ce sannu. Duk bayanin da na shiryo a hanya ya zauna a bokiti tare da hular.

Da nake dawowa na yi ta lissafa ƙabilun garin nan, kowa da abokin wasansa, har mahauta da masunta. Na nemi na su Celestine ban samu ba. Shekara nawa suna nan, ba wanda aka halatta wa ya zage su a yi dariya.

Talata, 26 ga wata, bayan azahar

Na ce bari in tara shaidu, tsofaffin da suka san babana, su nuna wa Celestine wasa ne, su kuma tuno min garin. Da ma na zauna a gida.

Tsohon tela na bakin masallaci, Bakatsine, ya ce, "Mai Tuta? Banufe ne, bawana. In ce masa ɗan kwaɗon Kwara, ya ce min ɗan yunwa. Ni ya ba kuɗin shara har ya mutu."

Na ce Falmata ta ce Bafulatani ne.

"Falmata ta tsufa." Ya girme ta.

Mahaucin kusurwa, Bagobiri, ya rantse Bayarabe ne, da shi suke wasa, har yakan amsa masa da Yarabanci. Na dawo gida ina ba Biriskila labari, ta ce ai ta tuna, marigayi babanta ya taɓa cewa ya san wani mai tuta a Kano, Bakano ne na gidi, don duk sanda jirgin Zariya ya iso sai ya tsaya yana yi wa Zagezagi tsiya.

To. A farkon wata ba ni da kaka ko ɗaya. Yau ina da huɗu, kowanne bawan wani.

Laraba, da safe

Biriskila ta ce, "Ka zaɓi ɗaya mana. Ka ce Bida, garin Nupawa. Tela zai tsaya maka. A wannan hali wa zai aika mutum Bida?"

Na ce ina tunani.

Ta ce, "Ka yi wa duk garin nan ƙarya don a yi dariya. Yi ɗaya don 'yarka."

Lahadi, 31 ga wata, bayan coci

Rabin bencina ba kowa. Fada ya gajarta wa'azi. Tasha cike take kullum, an ce har kan rufin tarago.

Augustine ya tare ni a bakin ƙofa. Celestine zai koma gida da matarsa, ranar Talata ta sama, kuma ya ce Augustine ya haɗa kayansa. Yaron ya roƙe shi ya sake saurarona sau ɗaya. Ya yarda, ranar Juma'a. In akwai gari, za a yi kira, a ɗaura daga baya, ta bi su. In babu, shi ke nan.

Ya ce, "Baba, akwai garin?"

Na ce akwai har da ragowa.

Comfort na tsaye nesa kaɗan tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Litinin, da magariba

An yi ruwa kaɗan. Na yi ta maimaita Bida a bakina. Tana da daɗin faɗa.

Laraba, 3 ga Yuni, da hantsi

Kaka ce ta kira ni. Ta ce ta ji ina ta yawo ofis ina neman wancan mutumin a takardar ƙidaya. Na ce ai na same shi, wata karkatacciyar sanda ce.

Ta ce, "Ba ya ciki."

"Kowa na ciki, Kaka."

"Ranar da masu ƙirgen suka zo, a rijiyar bayan gida ya wuni, a kan matakala, ruwa har gwiwa. Ni na ce musu ya yi tafiya. Ba ya son a jera mutane ana ƙirgawa. Ya ce an taɓa ƙirga shi yana yaro, a wata kasuwa, shi da wasu yara. Bai ƙara daga nan ba, ni ma ban ƙara ba."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Yana da tabon sarƙa a idon sawu, duka biyun. Shi ya sa ko da zafi da safar reluwe yake kwana."

Na ce to yaren fa? Bai tuna ko kalma ɗaya ba?

"Yana da wata waƙa da yake yi maka in kana kuka. Na tambayi masu zuwa sayen ƙosai iri-iri, ba wanda ya san yaren." Ta ce ta manta ta. Ina jin ba ta manta ba.

Na ce, "Shi ya sa kowa ya zage shi sai ya amsa?"

Ta ce, "Wanda ya zage ka da wasa ai ya ba ka gari. Shi kuwa ba ya mayar da kyauta."

Na fito zaure na zauna. Na nemi abin dariya a ciki. Akwai, na san akwai, shi da ya samu.

Alhamis, da la'asar

Na gaya wa Comfort duka. Ta tsayar da keken. Na ce gobe ko Bida ko wannan, ita za ta zaɓa, don aurenta ne.

Ta ce, "In na je can da Bida a bakina, duk wanda ya sauka daga jirgin Arewa sai gabana ya faɗi."

Na ce to.

Ta ce, "Ban ce ka faɗa ba, Baba. Ban kuma ce kada ka faɗa ba." Ta tada keken.

Juma'a, 5 ga wata, bayan la'asar

A bayan coci muka zauna, ni da Celestine, Augustine na tsaye. Na fara da bayanin wasa, na ba shi labarin abin da Falmata ta yi a ƙofarmu ranar Litinin ɗin nan. Ya saurara. Ya ce, "Na yarda wasa ne. Ka gaishe ta. To garin?"

Bida na kan harshena. Na dubi kansa, gashin ya fara tsirowa fari. Mutumin da ke cikin wannan hali, in zo in sayar masa da gari.

Na faɗa masa rijiyar, da kasuwar, da safar.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Malam Alfred, da ka ce Bida da na karɓa. Ba ni da wanda zan aika."

Na ce na sani.

"Yanzu na ji, ba zan iya cewa ban ji ba. Yaron nan yana da ƙanne mata biyu a gida. In aka ji abin da ya auro, ba mai neman su. Fada zai ce duk ɗaya muke a wurin Allah, haka ne. Amma ba Fada ne zai aure su ba."

Na ce yarinyar ba ta san rijiya ba, ɗinki ta sani.

Ya ce, "Yarinya ce ta kirki." Ya miƙe, ya ba ni hannu biyu. Augustine bai ɗaga kai ba.

Asabar

Biriskila ba ta yi min magana ba. Ta dai ajiye tuwo.

Lahadi

Comfort ta je coci, ta zauna a gaba, ta yi waƙa. Ni na zauna a baya kusa da ƙofa.

Talata, 9 ga wata, da la'asar

Na je tasha, ban san dalili ba. Jama'a da katifu da tukwane. Na hango su Augustine ta tagar jirgi. Celestine ya ɗaga min hannu. Jirgi ya tashi da rana, mai tutar mararraba ya ɗaga tutarsa, wani yaro ne siriri ɗan Gwari, ban taɓa kula da shi ba sai yau.

Na dawo na wanke burushina duka, har waɗanda ba su da datti.

Laraba, 10 ga wata, da hantsi

Ina haɗa fenti a zaure aka yi sallama. Augustine ne, ba akwati, ba hula, ƙura har gira. A Chalawa ya sauka da jirgi ya tsaya shan ruwa. Ya kwana a tashar, da asuba ya biyo dogo a ƙasa.

Na ce, "Baffanka ya sani?"

"Yana kallona na sauka. Ya ce in na taka ƙasa, zai gaya wa gida na ɓace a rikicin. Don ƙannena. Ya ce kada in rubuto wasiƙa." Ya ɗan tsaya. "Ya miƙo min burodi ta taga."

Na ajiye fentin. Na ba shi ruwa.

Comfort ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Ka san abin da ka yi?" Ya ce ya sani. Ta ce, "Uwarka fa?" Ya ajiye kwanon ruwan. Ta koma ciki. Na ji tana cewa Biriskila a ƙara gari a tukunya.

Laraba, bayan la'asar

Na je wurin Fada. Ya ce zai fara kira ran Lahadi. Ya ce wa zai tsaya wa ango, tunda ba shi da kowa a Kano? Na ce sai a duba. Ya ce ya duba, ni ne. Na ce ni ne fa uban amarya. Ya ce to in tambayi kaina, in amsa wa kaina, amma in yi a hankali kada a yi faɗa.

Wata guda ina neman uba ɗaya ban samu ba, yau an ce in zama uban mutum biyu.

Augustine na barci a zaure tun azahar, bakinsa a buɗe. Takalminsa ya mutu, gobe in kai wa baduku.